Kamu Tara na Gitar Agali

Ku samarin da ke zaune da ordinata, wato kwamfuta, a bakin tashar Madawa kuna zuba wa mutane waƙa a katin waya, kun ce sana'ata danna maɓalli ce. Ɗayanku ya faɗa a gabana ranar kasuwa, yana ɓarar gyaɗa. Wani kuma ya dawo mini da kati ya ce waƙar farko ta Ƙarangiya ta lalace. Wai ana tari, gitar ta yi kuka sau uku, sai shiru har minti ɗaya da rabi kafin kiɗa ya dawo. Katin bai lalace ba. Ni na sa shirun. Ban yi karatun lakkol ba, kuma ban iya dogon bayani ba. Zan faɗa sau ɗaya, 'yata tana rubutawa, don na gaji da maimaitawa.

Aikin farko da maigidana Shitu mai rediyo ya ba ni shi ne naɗe kaset da bik, wato biro. Shekara guda ina wannan. Ka cusa bik a ramin kaset ka juya, kada ka yi sauri zaren ya miƙe, kada ka yi sanyi ya yi sako-sako. Bai bar ni na taɓa turnabis na kwance ƙusa ba sai da ya rufe mini ido da rawani, ya miƙo kaset, na faɗa masa da yatsa ko mai ƙusa ne ko mai manne. Kayan aikin duka aljihu ɗaya ya ɗauke su: bik, reza, ɗan turnabis, auduga, alkol na goge kan rediyo, da jan farce na mata da ake haɗa zaren da ya tsinke. Sai gilashin taga guda biyu. Har yau su nake aiki da su. Tsawon zare kuwa da kamu muke aunawa, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Kamu shida da ɗan kai, minti ɗaya ke nan.

Gilashin na faifai ne. Turawan da suka yi aikin dashen itace a wajen Keita, in za su koma gida sukan bar wa masu dafa musu abinci kwali cike da faifai. Shitu ya bi ya tattaro. Kiɗan gitar lantarki ne da ganga, wanda 'yan lakkol ke kira rok. Rabin faifan rana ta lanƙwashe su kamar masa. Sai a sa tsakanin gilashi biyu a hantsi, ka tsaya a kai, in ka tafi shan ruwa ka dawo ya narke. Ban iya karanta sunan ko ɗaya ba. Da hoton bango na san su: mai doki a cikin ruwa, mai gemu huɗu, mai ƙofa ja. Daga baya wani Bature da ya zo neman irinsu ya juya mai ƙofa ja a hannunsa, ya ce ko a ƙasarsu ba a san mutanen nan ba, faifai ɗaya suka yi suka watse. Na ce masa a Madawa an san su, an yi rawar suna da su.

Waɗannan faifan su suka haifi Ƙarangiya. Samari biyar ne daga Buza da ke zuwa rumfarmu su zauna su ji, ba su sayen komai. Akwai malamin lakkol mai waƙa, da makaniki mai ganga, da wasu biyu, sai Agali mai gitar, ɗan makiyaya daga wajen Garhanga, mai Hausa da Tamajak. Batirin babbar mota ke ba su wuta. Kaset ɗaya tak suka yi a duniya, kuma ni na riƙe musu makirfo. A wani aji ne a Buza lokacin hutu, bayan azahar. Waƙa shida, uku a kowane gefe. Ta farko Agali ne ke buɗe ta shi kaɗai, kamu goma cif, babu ganga babu murya. Da Shitu ya danna jan maɓalli, garin alli ya shiga mini maƙogwaro na yi tari. Ya ranƙwashe ni a ka, amma bai tsayar ba, don Agali ya riga ya fara. Ban taɓa jin ya kaɗa kamar ranar ba. Wannan kamu goman shi ne maganar da nake muku.

Mun kwafi kaset ɗin har ban san iyaka ba. Direbobi suka saya, 'yan ci-rani suka tafi da shi Abijan. Uwar kuwa, wato kaset ɗin asali, Shitu ya karye mata haƙori don kada a ɗauki wani abu a kanta, ya ɗaura mata jan zare ya ajiye a kan kanta.

Sai shekarar yunwa ta zo. Gero bai yi ba, shanu suka zube. Malamin aka canja masa gari, makanikin ya tafi Libiya, Agali ya bi sauran raƙumansu arewa. Ƙarangiya ta ƙare ba tare da kowa ya ce ta ƙare ba. Shitu ya tsallaka Najeriya ya bar mini rumfa, bai dawo ba. Babu mai sayen waƙa. Abin da ya rage shi ne wasiƙa.

Ku ba ku san wasiƙar kaset ba. Maza sun tafi, mata ba su karatu, waya babu. Mace za ta zo ta zauna gaban rediyona, in danna mata, ta yi magana da mijinta ko ɗanta, a ba direba ya kai. Can su ma su ɗauki amsa a kan wannan kaset ɗin su maido. Sabon kaset ya yi tsada, daga baya ma ya ɓace. Sai kowa ya kawo tsohon da ke gida. A ƙasar nan tsohon da ke kowane gida Ƙarangiya ne. In an karye haƙori, ka cusa 'yar takarda a ramin, ya koma ɗauka. Ni na koya wa mutane dabarar. Da hannuna na shafe Agali ya fi sau ɗari.

Wata rana wata mace ta zo daga Babankatami a ƙafa, goye da ɗa, tana jan wani. Ba ta da kaset. Nawa sun ƙare, saura mai jan zare. Ta ajiye rabin tiyar gero. A gidana ba a ɗora tukunya ba tun jiya. Ba zan ce ban sani ba. Na kwance jan zaren, na cusa takarda, na danna. Ta cika gefe biyu, har akuyar gida sai da ta ba da labarinta.

Bayan shekaru masu yawa wani mutum ya kawo mini kaset da rediyo ya tauna, wasiƙar ƙanensa ce daga Libiya. Na gyara na kunna don in gwada. Ƙanen ya yi gaisuwa, ya ce sai wata rana, maɓalli ya yi ƙas. Sai ga Ƙarangiya ta faso a tsakiyar waƙa ta biyu. Na tsaya da bik a hannu. Ashe inda mai magana ya tsaya, abin da ke ƙasa yana nan. Wutsiya nake kiranta. Daga ranar na shiga neman wutsiya.

Ga yadda ake nema, tunda kun ce sauƙi ne. Ka ɗauki tebur da rediyo da pil, wato batiri, ka bi kasuwanni, Buza, Keita, Deule, Garhanga. Ba ka tambayar wa ke da waƙa, za a ce maka an tuba. Ka tambaya wane gida ne suka yi ɗan ci-rani miskili. Mai surutu ba ya barin komai. Miskili shi ne dukiya, ya yi magana kaɗan ya bar maka sauran. An ce na haukace. An ce ɗan leƙen asiri ne ni. A wani ƙauye wani maigida ya biyo ni da sanda, wai muryar matarsa nake nema. Sharaɗina ɗaya ne: in kwafe muku maganar ɗan'uwanku a sabon kaset, yanzu kuma a kati, ku bar mini tsohon. Abin da na ji a wasiƙun mutane ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko matata. Wanda bai iya riƙe baki ba kada ya shiga wannan aiki.

Samun wutsiya rabin aiki ne. Wannan zafi ya miƙar da ita tana jan kiɗa, waccan kwafin kwafi ce kamar daga cikin rijiya. Sai ka jera su, ka bi bugun ganga, ka yanka da reza a karkace daidai kan bugu, ka haɗa da jan farce siriri kamar gashi. Ya yi kauri, kan rediyo ya yi tuntuɓe. Waƙa ta uku daga gida bakwai na haɗo ta. A hankali biyar suka cika. Ta farko ta ƙi, don kowa daga farkon kaset yake fara magana. Mafi gajeriyar wasiƙa da na samu ta wani makiyayi ce. Abin da ya ce duka: yana lafiya, kada a sayar da jar saniya. Na yi murna tun kafin in auna. Ashe da ya danna sai ya zauna shiru yana tunanin abin da zai ce. Shiru ma shafewa yake yi. Ya cinye kamu goma daidai, ya bar ni inda ganga ke shiga.

Na je har bayan Garhanga na sami Agali. Ya tsufa, yatsunsa sun kumbura, yana gindin wata ƙaya yana dafa shayi. Na kunna masa abin da na haɗa. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce mai gitar nan ba laifi. Na ce ya tuna mini buɗewar, ko da baki ne.

Ya ce, "Illo, ni ban taɓa kaɗa shi iri guda sau biyu ba. Kai da ka riƙe makirfo, mi ka yi da shi?"

Na ce na ci.

Ya ce, "To ka ƙoshi?" Ya miƙo mini shayi, ya tambaya ko na zo da sukari. Kwana biyu na yi a hanya don wannan.

Shekara uku da suka wuce, ranar kasuwar Deule, wata tsohuwa ta zo teburina da ƙunshin tsumma. Inna Kulu sunanta, ta haura tamanin. Ta kwance. Kaset ne, zaren ya fito waje da yawa, an ninka shi biyu an naɗe a sillen kara kamar zaren saƙa, ya daskare ya zama dunƙule ɗaya mai ƙamshi. Na tambaya wa ya yi wannan aika-aika. Ta ce ita ce, kuma da kyau ta naɗe. Ɗanta Mamman ya tafi Abijan, ya aiko kaset sau ɗaya, ciwo ya kashe shi can. Kullum tana ji, har ranar da rediyo ya kama zaren ya zazzago shi. Ta ninke daga inda ya tauna, ta sa a kwalla tare da kwalbar turare. Turaren ya zube ya bushe a kai. Kusan shekara ashirin ke nan.

Na buɗe kaset ɗin. A farkon zaren saura kamu ɗaya da bai fito ba. Na ɗora shi a wani gidan kaset na kunna. Na ji tari. Tarina ne. Na ji ƙwas ɗin ranƙwashin Shitu. Sai gitar ta yi kuka sau uku, zaren ya ƙare.

Na zauna a kan akwatin pil. Na auna dunƙulen da ido, na kunna zaren da ya rage bayan dunƙulen. Muryar namiji ta ce sai Allah ya haɗa mu, ƙas, kiɗa ya ci gaba. Nan na gane. Mamman bai fara daga farko ba. Ya bar gitar ta gama, daidai inda ganga ke shiga ya danna. Yaron ya san abin da yake yi. Ita kuma kullum sai ta tura kaset gaba ta wuce kiɗan ta tsaya kan muryarsa, har wurin ya ci, rediyo ya kama a nan. Da ta ninke daga wurin, sai kamu tara na Agali ya kwanta fuska da fuska da kamu tara na Mamman. Wasiƙar duka tana ciki, ban da sallamar. Sauran buɗewar duka yana ciki.

Na ce ta bar mini in tafi da shi Madawa. Ta ce inda kaset ya tafi nan za ta. Ta shiga mota da ni, ta sauka wurin matata, da safe ta shimfiɗa tabarma a rumfata ta zauna tana kallon hannuna.

Ga abin da ordinatarku ba ta gaya muku ba. Murya tana zaune a kan jar fatar da ke fuskar zare. In zare biyu suka manne fuska da fuska, ɗaya ne ke fita da rai. Wanda ka kwantar a kan gilashi ya tsira. Wanda ka ɗaga kana lanƙwasawa kana ja, fatarsa ke zubewa. Na sani tun zamanin Shitu, amma na ƙi yarda. Na sayi irin turaren, na manna tsofaffin zarurruka, na shanya, na gwada da alkol, da tururi, da man keken ɗinki. Kwana uku. Kowane gwaji ɗaya ya mutu. Inna Kulu tana cewa an ce mata gwani ne ni, ga shi ina wasa da turare kamar amarya.

Zan faɗa muku gaskiya. Da na kwantar da Agali na ɗaga Mamman, in ce mata turare ya cinye muryar, ba mai kama ni. Ita ba ta san fuskar zare da bayansa ba. Shekara ashirin ba ta ji ba, ta saba. Rana ta huɗu da safe na warware dunƙulen daga karan, na goge gilashi, na kwantar da shi Agali a ƙasa. Na ɗauki reza in ɗaga bakin na sama.

Ta ce, "Ɗan nan, yau za a ji?"

Na ce in Allah ya so.

Ta ce, "Huskatai tana nan, ko yanzu in na rufe ido. Muryar ce ta tahi. Jiya na so in tuna yadda yake cewa Inna, sai na ji ta ƙanensa."

Ba ni take gaya wa ba, goro take gogewa a ɗan magoginta. Na ajiye reza. Na juya zaren, Mamman ya koma ƙasa.

Daga hantsi zuwa la'asar na yi. Ɗigon alkol, ka jira, ka ɗaga faɗin farce, ka lanƙwasa, ka ja. Na saman yana fitowa fari kamar ledar banza. Jar fatarsa tana zama a kan na ƙasa, sai ka bi da auduga a hankali ka share, kada ka danna ka haɗa da ta Mamman. Auduga goma sha ta yi ja. Gitar Agali ce a jikinsu. Na tara su a gwangwanin tumatir, ban san dalili ba, suna nan.

Na haɗa zaren da jan farce, na naɗe da bik, na kunna. Ya yi shuu, sannan ya ce, "Inna, ni na, Mamman." Ta amsa masa. Ya tambayi gida, ta ce lahiya lau. Ya ce abincin can mai ya yi masa yawa, ya aiko mata turmin zane wurin wani direba, kuma ta bar zuwa rijiyar nesa da wannan gwiwar tata. Ta ce wa rediyon ai ta bari. Muka ji sau huɗu. Na kwafe mata a kati, na sa a ƙaramin rediyo mai maɓalli ɗaya.

Da za ta tashi ta ce, "Wanga ƙara na gaba, ka hidda shi?"

Na ce na hidda, Inna.

Ta ce, "Madalla. Shekara da shekaru shina hana ni jin yaro." Ta ba ni ƙullin kuka, ta ce aikin dai ya daɗe.

Na ɗauki kamu ɗayan da ya tsira, mai tari da kuka uku. Na auna farin zare kamu tara na haɗa a bayansa, sannan na haɗa wutsiyar makiyayin daga inda ganga ke shiga. Ita ce uwar da kuke kwafa a wurina. Ɗayanku ya ce in ba shi minti biyu ya yanke shirun. Wani ya ce yanzu ordinata tana iya ƙirƙiro gitar ta cike wurin, ba mai ganewa. Ni zan gane. Agali ma da ya manta zai gane.

Har yanzu ina zuwa kasuwanni, ko da wani Mamman ɗin. Kaset na ƙarewa, yara na jan zaren suna ɗaurawa a gona don korar tsuntsu. In kun ga tsohon kaset a gidanku ku kawo mini, kada ku naɗe shi a kara, kada ku sa shi kusa da turare.

Waƙar kuwa, in za ku zuba wa mutum, ku zuba da shirunta. Wanda ya yanke kada ya sake zuwa rumfata. In mai saye ya dawo ya ce kati ya lalace, ku ce masa ya jira, ganga na zuwa.